Kwaikwayon Yanayin Duniya na Dauri ta Hanyar Kwamfuta: Shaida Daga Ƙasar Bauchi da Maƙwabtanta

1.0 Gabatarwa

Birnin Bauchi yana zaune ne a tsakanin duwatsu, a kan tudu mai tsayin kimanin mita 600 daga matakin teku, kuma yakan sami ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, yawancinsa daga watan Mayu zuwa Satumba. Duk wanda ya tashi a wannan yanki zai ɗauka haka abin yake tun fil azal. Binciken masana ilimin ƙasa kuwa ya nuna akasin haka. An yi zamanin da teku ya malale ƙasar da ke gabas da birnin. An yi zamanin da rairayin hamada ya gangaro har arewacin jihar. An kuma yi zamanin da wani tafki wanda faɗinsa ya zarce sulusin Nijeriya ya shimfiɗe a arewa maso gabas.

Duwatsu da laka da ƙasusuwa suna tabbatar da aukuwar waɗannan abubuwa, amma ba sa bayyana dalilinsu. Neman dalilin ne ya sa masana suka koma ga kwamfuta, inda suke gina kwatankwacin duniya da lissafi, su mayar da ita yadda take a wani zamani da ya shuɗe, sannan su duba irin yanayin da zai fito. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake wannan aiki, da nuna inda sakamakonsa ya dace da shaidar da ƙasar Bauchi da maƙwabtanta suka adana, da kuma inda ya saɓa. Daga nan za a dubi abin da hakan ke nufi ga manazarcin tarihin harsunan Cadi, da kuma ga hasashen daminar gobe.

1.1 Ma'anar Muhimman Kalmomi

Kalmar yanayi a Hausa tana ɗauke da ma'anoni biyu waɗanda kimiyya ta rarrabe. Akwai halin da sararin sama yake ciki a yini guda, kamar a ce yau an tashi da hazo. Akwai kuma abin da aka saba gani a wuri idan aka haɗa shekaru masu yawa, galibi 30, aka fitar da matsakaicinsu. Wannan ma'ana ta biyu ita ake nufi da yanayi a nan.

Samfuri kalma ce da aka sani a kasuwa, wato ɗan abin da ake nunawa a madadin kaya. A nan an faɗaɗa ta domin ta ƙunshi tsarin lissafin da ke wakiltar iska da teku da ƙasa da ƙanƙara a cikin kwamfuta. Shaidar ƙasa kuwa ita ce duk wata alama ta tsohon yanayi da ta wanzu a cikin dutse, ko laka, ko ƙanƙara, ko burbushin halittu. Iskar kabon ita ce iskar nan da ke fita daga numfashi da ƙonuwar makamashi da aman duwatsu, wadda ke riƙe zafi a sararin sama.

2.0 Yadda Samfurin Yanayi Yake Aiki

Ana raba doron duniya ne gida-gida, tamkar gidajen dara, kowane gida yana da faɗin kilomita 100 zuwa 300. A kan kowane gida ana jera hawa-hawa na iska, sau da yawa 20 zuwa 40, kamar bene, haka kuma ana yi wa teku zuwa ƙasa. A cikin kowane gida kwamfuta tana riƙe da alƙaluman zafi, da laima, da nauyin iska, da gudunta, da inda ta dosa. Sai a yi amfani da dokokin kimiyya da aka riga aka tabbatar, wato dokokin motsi na Newton da dokar da ta ce zafi da ruwa ba sa ɓacewa sai dai su sauya wuri ko kama, a lissafa abin da kowane gida zai ba maƙwabcinsa cikin kimanin rabin awa. Idan an gama sai a sake. Shekara guda tana buƙatar maimaici 17,520 ke nan, kuma kafin zurfin teku ya daidaita sai an gudanar da samfurin na tsawon dubban shekarun lissafi.

Wannan tsari yana da rauni guda wanda ya kamata a lura da shi tun daga farko. Gajimare da hadari sun fi gidan ƙanƙanta nesa ba kusa ba. A Bauchi ruwa yakan zuba a Yalwa, a Fadamar Mada ko ɗigo, alhali a wurin samfurin duka birnin da ƙauyukansa ɗan ɓangare ne na gida ɗaya. Saboda haka ba a lissafa kowane hadari, sai dai a kintaci jimlar tasirinsu da wasu ƙa'idoji. A wurin wannan kintace ne samfurori suka fi saɓa wa juna.

2.1 Taƙaitaccen Tarihi

Lewis Fry Richardson na Ingila ne ya fara shimfiɗa wannan hanya a littafinsa na 1922. Da hannu ya yi lissafinsa, sakamakon kuma bai yi daidai ba, har ya ƙiyasta cewa sai an tara mutum 64,000 suna lissafi tare kafin a riƙa cim ma saurin sauyin sararin sama. A 1950 Jule Charney da abokan aikinsa suka yi hasashen farko da kwamfutar ENIAC a Amurka. A 1956 Norman Phillips ya gina samfurin farko na zagayawar iskar duniya. A 1967 Syukuro Manabe da Richard Wetherald suka nuna cewa ninka iskar kabon sau biyu zai ɗaga zafi da fiye da digiri 2 na ma'aunin Selshiyos, sannan a 1969 Manabe da Kirk Bryan suka haɗa iska da teku a samfuri ɗaya. Wannan aiki ne ya kai Manabe ga samun rabon kyautar Nobel a 2021. Daga tsakiyar shekarun 1970 aka fara juya waɗannan samfurori zuwa ga zamunan da suka shuɗe.

2.2 Abubuwan da Ake Sauyawa

Dokokin kimiyya ba sa sauyawa daga zamani zuwa zamani. Abin da ake sauyawa a samfurin shi ne halin da duniya take ciki, kuma manyan abubuwan huɗu ne.

Na farko shi ne ƙarfin rana. Rana tana ƙara haske da kusan kashi 1 cikin 100 a kowace shekara miliyan 100, don haka duk yadda aka yi nisa baya sai a rage ta.

Na biyu shi ne falakin duniya. Karkatar duniya tana kai da komowa tsakanin digiri 22.1 da 24.5 cikin shekara 41,000, yau kuma tana kan 23.4. Lokacin da duniya take fi kusantar rana yana zagaya watanni cikin kimanin shekara 21,000, siffar falakin kuma tana sauyawa cikin kimanin shekara 100,000. Milutin Milankovitch na Sabiya ne ya lissafa tasirin waɗannan, aka kuma tabbatar da shi a 1976 ta binciken lakar ƙarƙashin teku da Hays da Imbrie da Shackleton suka yi.

Na uku shi ne taswira, domin nahiyoyi suna tafiya, tekuna suna buɗewa suna rufewa, duwatsu suna tasowa suna zaizayewa.

Na huɗu shi ne yawan iskar kabon. Kumfar iskar da ta maƙale a ƙanƙarar Antatika ta adana awonta na shekara 800,000. Ta nuna ta sauka zuwa wajen kashi 180 cikin miliyan a zamunan sanyi, ta kai 280 kafin zuwan masana'antu, a 2024 kuwa ta haura 420. Abin da ya wuce wannan zamani sai a kintata daga burbushin ganye da ƙwanson ƙananan halittun teku.

Bayan samfurin ya fitar da nasa yanayin, sai a gwada shi da shaidar ƙasa. Wannan gwaji shi ne ƙashin bayan aikin baki ɗaya, domin samfurin lissafi ne kawai, bai halarci zamanin ba.

3.0 Zamuna Uku a Ƙasar Bauchi

Dutsen da birnin Bauchi yake kai ya kai kimanin shekara miliyan 600. Akwai ma wani nau'insa da masanin duwatsu M. O. Oyawoye ya yi bayaninsa a 1961, wanda masana a duniya suke kira da sunan da aka samo daga sunan birnin. Sai dai a can cikin ƙasa ya daskare, don haka bai adana labarin ruwa ko iska ba. Shaidar yanayi tana cikin shimfiɗaɗɗun duwatsun gabas da rairayin arewa.

3.1 Zamanin Teku

Lokacin da Afirka take rabuwa da Amurka ta Kudu, fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, ƙasa ta tsage ta bar wani dogon kwari mai tsawon kimanin kilomita 1,000, wanda kogin Binuwai da na Gongola suke bi a yau. Wajen shekara miliyan 94 da suka wuce, a zamanin da masana ke kira Zamanin Alli, teku ya cika ya shigo ta wannan kwari, ya haɗu da wani reshe da ya ratso Sahara daga arewa. Dutsen da kamfanin siminti na Ashaka yake haƙa, a yankin da ke cikin Jihar Bauchi har zuwa ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996, a ƙarƙashin wannan teku ya taru. Yana cike da burbushin wasu halittun ruwa masu naɗaɗɗen ƙwanso kamar na katantanwa, waɗanda ake kira amonayit. A 1954 Richard Reyment ya raɗa wa jinsi biyu daga cikinsu sunayen Bauchioceras da Gombeoceras. Man fetur ɗin da aka ba da sanarwar samu a Kolmani a 2019, a kan iyakar Bauchi da Gombe, a cikin duwatsun wannan kwari yake.

Cikar teku irin wannan tana tafiya da duniya mai zafi wadda ba ta da manyan tsaunukan ƙanƙara a ƙuryoyinta. Tambayar ita ce, me ya kawo zafin? A 1984 Eric Barron da Warren Washington suka sa taswirar Zamanin Alli a samfurin cibiyar binciken sararin sama da ke Kolorado. Sauyin taswira kaɗai ya ɗaga zafi da kusan digiri 5, amma hakan bai kai abin da shaidar ƙasa take nunawa ba. Sai da suka ninka iskar kabon sau huɗu sannan aka kusanta. Wannan yana cikin hujjojin farko da suka nuna cewa iskar kabon ce babbar mai juya zafin duniya a dogon zamani.

Duk da haka matsala ta rage. An sami burbushin kada da itatuwan ƙasashe masu ɗumi a kusa da ƙuryar arewa ta duniya, tun daga Zamanin Alli har zuwa kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce. Samfurori kuwa sukan bar ƙuryoyin da sanyi, idan kuma aka matsa musu su ɗumama can, sai tsakiyar duniya ya yi zafin da ya wuce kima. An shafe fiye da shekara 30 ana fama da wannan, kafin Jiang Zhu da abokan aikinsa su nuna a 2019 cewa gyaran yadda ake kintatar gajimare yana rage giɓin ƙwarai. A 2024 Emily Judd da abokan aikinta suka haɗa samfurori da shaidar ƙasa, suka fitar da tarihin zafin duniya na shekara miliyan 485, inda matsakaicinsa ya yi ta hawa da sauka tsakanin digiri 11 da 36.

3.2 Zamanin Rairayi

Kimanin shekara 21,000 da suka wuce ƙanƙara ta lulluɓe Kanada da arewacin Turai, teku ya janye da wajen mita 120, matsakaicin zafin duniya kuma ya gaza na kafin zuwan masana'antu da kusan digiri 6. A Afirka ta Yamma abin ya zo da fari. Teku mai sanyi ba ya ba da tururi da yawa, iskar damina ta yi rauni, hamada ta matso kudu da ɗaruruwan kilomitoci, Tafkin Cadi kuma ya ƙafe.

Shaidar wannan zamani da abin da ya biyo bayansa tana nan a ƙarƙashin gonaki. A 1958 A. T. Grove ya yi bayanin jerin tsofaffin tuddan rairayi da suka miƙe daga gabashin Kano zuwa ƙasar Katagum da Barno, sun jeru daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, wato hanyar da iskar hunturu take bi. Tudun rairayi ba ya tafiya sai inda ciyawa ta gaza riƙe shi, ga shi kuwa yau ana noma gero da gyaɗa a kansu. Irin wannan ƙasa ce Bahaushe yake kira jigawa, sunan da jiha guda take amsawa tun 1991. A wannan zamani samfurori da shaidar ƙasa sun yi muwafaka a kan babban al'amari, wato sanyin duniya yana tafiya da bushewar Sahel.

3.3 Zamanin Dausayi

Daga kimanin shekara 14,800 zuwa 5,500 da suka wuce, in ban da wani tsaiko na fari a tsakani, al'amari ya juye. Tafkin Cadi, wanda ko a cikarsa ta shekarun 1960 bai wuce murabba'in kilomita 25,000 ba, ya kai wajen 350,000. Tsohuwar gaɓarsa ita ce dogon tudun nan da ya bi ta Bama da Maiduguri, a tsayin kimanin mita 320 daga matakin teku, rarar ruwansa kuma tana kwarara ta Mayo Kebbi zuwa Binuwai. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, cikin Jihar Yobe ta yau, ya ci karo da kwalekwale mai tsawon fiye da mita 8, wanda awo ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Peter Breunig na Jami'ar Frankfurt da Abubakar Garba na Jami'ar Maiduguri ne suka jagoranci tono shi a 1994. Wurin yana bakin kogin Komadugu Gana, wanda yake tasowa daga ƙasar Bauchi ya bi ta Misau. Ƙurar furannin da ta taru a lakar Tafkin Tila na ƙasar Biu ta nuna itatuwan da yau sai a kudu ake samunsu sun tsiro a can. A Gobero ta Nijar, tsakiyar hamadar Tenere, an tono maƙabartar masunta tare da ƙasusuwan kifi da dorina da kada.

John Kutzbach na Jami'ar Wisconsin ne ya gwada dalilin da samfuri a 1981. A yau duniya tana fi kusantar rana a farkon Janairu. Shekara 9,000 da suka wuce kuwa a watan Yuli take kusantarta, karkatarta kuma ta ɗan fi ta yau. Hakan ya ƙara hasken ranar da arewacin duniya yake samu a watannin damina da kusan kashi 7 cikin 100. Ƙasa takan riga teku ɗaukar zafi, don haka Sahara ta ƙara zafi, iskar da ke kanta ta tashi sama, iska mai laima daga Tekun Atlantika ta kutso da ƙarfi ta maye gurbinta. Kutzbach bai sauya komai a samfurin ba sai falaki, damina kuma ta ƙaru. Wannan babbar nasara ce, domin ta nuna cewa lissafin taurari yana iya bayyana cikar tafki.

4.0 Inda Samfurori Suka Gaza

A 1991 aka kafa wani shiri na ƙasa da ƙasa don gwada samfuroran cibiyoyi daban-daban a kan zamani guda. Sakamakon samfurori 18 da Sylvie Joussaume da abokan aikinta suka buga a 1999 ya nuna cewa dukansu sun ƙara ruwa a Sahel na shekara 6,000 da suka wuce, amma babu wanda ya kai shi arewa yadda ya kamata. Ana buƙatar ƙarin milimita 200 zuwa 300 a shekara kafin ciyawa ta rayu har layin digiri 23 arewa da Ikwaita, inda ƙurar furanni ta nuna ta rayu. A samfurin, wurin da masunta suka zauna hamada ne.

Neman abin da ya ɓace ya koyar da masana abubuwa da dama. Tun a 1975, bayan farin 1972 zuwa 1974, Charney ya yi bayanin cewa farin rairayi yana mayar da hasken rana sama, ciyawa kuwa tana shanye shi ta kuma fitar da laima, saboda haka ruwa yana kawo ciyawa, ciyawa tana jawo ruwa. Samfuroran farko sun bar Sahara da farin rairayinta na yau. Da Kutzbach a 1996, da Martin Claussen a 1997, suka shigar da sauyin tsirrai cikin samfurin, sai damina ta ƙara matsawa arewa. An kuma gano tasirin ɗumamar Tekun Atlantika da na manyan tafkuna. A 2016 Francesco Pausata ya ƙara batun ƙura. Yawancin hazon hunturu da ke rufe Bauchi yana tasowa ne daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, wanda shi ne ƙasan tsohon tafkin. A lokacin da ruwa ya rufe shi hazon ya yi ƙaranci ƙwarai, rage ƙura a samfurin kuma ya ƙara ruwa. Duk da waɗannan gyare-gyare, samfuroran da ake gudanarwa bisa tsarin bai ɗaya sun ci gaba da ba da ruwan da ya gaza na shaidar ƙasa.

Akwai kuma saɓani a kan yadda zamanin ya ƙare. Lakar teku ta gaɓar Mauritaniya da Peter deMenocal ya bincika a 2000 ta nuna ƙura ta ƙaru farat ɗaya wajen shekara 5,500 da suka wuce. Lakar Tafkin Yowa na arewacin Cadi da Stefan Kröpelin ya bincika a 2008 ta nuna bushewa sannu a hankali cikin dubban shekaru. A 2015 Timothy Shanahan ya kawo hujjar cewa bushewar ta fara ne daga arewa tana gangarowa kudu, kowane yanki da lokacinsa.

5.0 Muhimmancin Wannan Bincike

5.1 Ga Manazarcin Harshe

Jihar Bauchi tana da harsuna fiye da 50, da yawa daga cikinsu 'yan'uwan Hausa ne a reshen Yamma na iyalin Cadi, bisa rabon da Paul Newman ya yi a 1977. A arewacin jihar akwai irin su Warji da Miya da Pa'a da Kariya, a kudu kuma akwai Zaar da Geji da Polci da Guruntum. Tun da Joseph Greenberg ya tabbatar da iyalin Cadi a cikin dangin Afro-Asiya, aka shiga tambayar yadda masu waɗannan harsuna suka iso nan, alhali sauran dangin suna arewa da gabashin Afirka. Christopher Ehret yana ganin sun ratso Sahara ne daga arewa kimanin shekara 7,000 da suka wuce. Roger Blench kuwa, a 1999, ya kawo ra'ayin cewa makiyaya ne da suka taso daga gabas ta kwarin Wadi Howar na Sudan, wanda kogi ne a wancan zamani. Ra'ayoyin biyu sun dogara ne a kan Sahara mai ruwa da ciyawa.

A nan akwai abubuwa uku da ya kamata manazarci ya kiyaye. Na farko, taswirar ruwan sama da aka ciro daga samfuri takan rage wa Sahara ruwa, don haka hanyar da ta nuna a rufe tana iya kasancewa a buɗe take. Na biyu, gida ɗaya na samfurin yana iya haɗiye ƙasar da ke tsakanin Ningi da Tafawa Ɓalewa, alhali rarrabuwar ƙananan harsunan Bauchi a tsakanin dutse da dutse ta auku. Na uku, yadda zamanin dausayi ya ƙare yana da tasiri a kan irin ƙaurar da za a zata. Bushewa farat ɗaya tana nufin tururuwar jama'a a lokaci guda, bushewa daki-daki kuwa tana nufin zuwa rukuni-rukuni, tare da doguwar cuɗanya da masu harsunan Binuwai-Kwango da aka tarar. Yanayi yana nuna lokacin da hanya ta buɗe da lokacin da ta rufe. Sanin wanda ya bi ta da harshen da yake yi kuwa aikin kwatanta kalmomi ne da binciken kufai.

5.2 Ga Hasashen Damina

Samfuroran da ake mayarwa baya su ne ake turawa gaba don hasashen ɗumamar duniya. Awon da aka yi da na'urori na kimanin shekara 170 ne kawai, kuma a cikinsa duniya ba ta taɓa shiga halin da take dosa ba. Zamunan dauri su ne kaɗai fagen da za a gwada samfuri a yanayin da ya sha bamban da na yau. An ga amfanin haka a 2020 da 2021, lokacin da aka gwada wani sabon samfuri na Amurka wanda yake ba da ƙarin fiye da digiri 5 idan iskar kabon ta ninka. Ya zafafa zamanin zafi fiye da kima, ya kuma sanyaya zamanin ƙanƙara fiye da kima, sai aka gane ya cika saurin amsawa. Shaidar dauri tana cikin abin da kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya dogara da shi a rahotonsa na 2021, inda ya tsayar da ƙiyasin a kan digiri 3, tsakanin 2.5 da 4.

Ga Sahel, batun ya fi tsanani. A 2005 samfurin cibiyar Princeton ya yi hasashen fari mai tsanani a ƙarshen wannan ƙarni, a daidai lokacin da wani samfuri na Japan ya nuna ƙaruwar ruwa ƙwarai. Dalilin dausayin dauri falaki ne, na ɗumamar yau kuwa iskar kabon ce, don haka ba za a ce tarihi zai maimaita kansa ba. Amma hanyoyin da ciyawa da ƙura da teku suke ƙarfafa damina ko raunana ta guda ne a zamunan biyu. Samfurin da ya kasa cika tsohon Tafkin Cadi yana iya rage girman sauyin da ke tafe, ko ta fuskar ambaliya ko ta fari, wannan kuwa ya shafi mai tsara madatsar ruwa irin ta Gubi, da mai zaɓen irin shuka, da makiyayi.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake gina samfurin yanayi, da abubuwa huɗu da ake sauyawa domin a mayar da shi zamanin dauri. Ta kuma bi zamuna uku da suka bar alama a ƙasar Bauchi da maƙwabtanta, wato na teku, da na rairayi, da na dausayi. An ga cewa samfurori sun gano manyan dalilai, su ne iskar kabon a dogon zamani da falakin duniya a gajeren zamani, amma sun sha gazawa wajen kai girman sauyin da shaidar ƙasa ta nuna, kuma kowace gazawa ta zama sanadin gyara. Wuraren da aka haƙo laka aka auna a yankin Sudan da Sahel na Nijeriya, irin su Tila da dausayoyin Manga, kaɗan ne idan aka kwatanta da faɗin ƙasar. Ƙara yawansu aiki ne da jami'o'in yankin, ciki har da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, suka fi kowa kusanci da shi, kuma masana harshe da na tarihi da na ilimin ƙasa duk za su amfana da sakamakonsa.